Kujera Ta Huɗu Daga Hannun Daman Liman

Aikin farko da maigidana, Alhaji Garba mai benci, ya sakar mini ni kaɗai shi ne sunan wata jaririya a unguwar Mamobi, a wani lungu da ke bayan babbar gota, wato kwatar da ke kwashe ruwan unguwa. Benci goma sha biyu, kujerun ƙarfe takwas, tampol ɗaya. Ana idar da sallar asuba na turo kayan a kura, na kafa ƙarafa, na ja tampol ya miƙe tsaf, na jera komai layi-layi, na koma gefe ina jiran yabo. Alhaji ya zo ya zagaya sau ɗaya, hannuwansa a baya, ya ce, "Sale, idan hantsi ya yi, idon wa rana za ta buga?" Na duba. Ashe na juya kujerun malamai suna fuskantar gabas, da an fara addu'a rana za ta cika musu ido, samarin da goro da masa suka kawo kuwa suna can cikin inuwa. Bai zage ni ba. Ya dai ce in kwance komai in sake, ya je ya zauna a bencin mai koko yana kallona har na gama.

Ina ba ku labarin nan ne saboda abin da nake ji kuna faɗa a majalisarku ta shayi da ke gefen shagona, wadda kuke kira bes. Kuna tsammanin kunnuwana sun tsufa tare da gwiwoyina. Wai aikina, ni Baba Kanofi, ba aiki ba ne, kujera ce da tampol, duk wanda ya sayi aboboya ɗaya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da waya mai kyau ya gama koyo. Wani a cikinku har ya ce cikin sati guda zai buɗe irinsa. To, bismilla, kasuwa a buɗe take. Amma kafin ka sayi kujerarka ta farko, ja ɗaya daga cikin nawa ka zauna ka ji.

Kayan aikin ba su da yawa, wannan kun yi gaskiya. Lokacin da na shiga sana'ar benci ne na katako, mutum biyu ke ɗaukar ɗaya, sai kujerun ƙarfe masu naɗewa da ke cizon yatsa da gefen babbar riga. Kujerar roba daga baya ta zo, muka yi ta yi mata dariya, muka ce ba za ta ɗauki Alhajin kirki ba, ga shi yau ita ke da gari. Sai rumfar kanta, wadda kowa a nan ke ce wa kanofi, da sifana, da guduma, da igiya, da bulo. Bulo kam dole, don a kan kwalta ba a kafa turke, ƙafar kanofi ake ɗaure wa nauyi. Bayan azahar iskar teku tana tasowa, wanda bai ɗaure ƙafafun kudu da kyau ba zai bi kanofinsa da gudu har bakin titi, na ga wanda hakan ta faru da shi a gaban surukansa. Da damina kuma sai an riƙe doguwar gora ta ture ruwan da ya taru a kan tampol, kuma sai ka san gefen da za ka tuntsurar da shi, don matan da ke girki a baya ba sa yafe wannan.

Unguwarmu Nima ba ta da fili. Duk wani suna, aure ko addu'a a kan hanyar mutane ake yinsa. Saboda haka kafin a sauke ƙarfe ko ɗaya, sai na bi gidajen lungun na gaishe su. A bar wa mai wake da shinkafa wurin teburinta, a bar hanyar masallaci, in Lahadi ce a bar wa maƙwabciya mai zuwa coci inda za ta wuce ba sai ta ratsa tsakiyar malamai ba. A rufe gota da katako mai kauri, a taka shi da ƙafa a ji. In hanyar tiro-tiro ce, motocin hayarmu, a je a yi magana da direbobi tun jiya. Wanda ya tsallake gaisuwar nan zai kafa kanofinsa lafiya lau, amma ranar nan ce wata za ta tuna tana da ruwan wanki na zubarwa.

Duk wannan a shekara ɗaya ake koyonsa. Abin da ya tsayar da ni shekara bakwai a bayan Alhaji Garba shi ne sahun gaba.

A addu'ar mamaci, ta bakwai ko ta arba'in, sahun gaba a ɓangarenmu na Nima kujera goma sha ɗaya ne. Limamin ƙaramin masallacinmu a tsakiya, dama da hagunsa dattawan ƙabilun unguwa: Bahaushe, Bazabarme, Bawangare, Bafulatani, Bayarabe, na Mosi, na Kotokoli, na Dagomba da sauransu. Kusancin mutum da liman ba a auna shi da dukiya ko yawan jama'a, ana auna shi da wanda kakanninsa suka riga kafa ɗaki a wurin. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Alhaji ya koya mini shi ne muna tafe muna tura kura. Ya nuna gida da haɓa ya ce kakan waɗannan ne ya haƙa rijiyar farko, waɗancan kuma a zauren waɗannan suka sauka, shi ya sa duk arzikinsu suke zama bayansu da kujera ɗaya. Yakan ce mutanen zango, wato unguwar baƙi irin tamu, ba su da kaka ɗaya, ba su da gari ɗaya, Hausar da suke yi ma kowa da inda ya tsinto tasa, to in ba su san wanda ya karɓi wa ba, me zai hana su cinye juna? Ni dai a lokacin haddacewa kawai nake yi don kada a sa ni in kwance in sake.

Kujera ta huɗu daga hannun daman liman ta Baba Lompo ce, dattijon mutanen Gurma. Yawancinku ba ku san shi ba. Gadi ya yi duk rayuwarsa a gidajen Turawa, ba shi da mota, bai je Makka ba, farar riga ɗaya gare shi wadda ake goge masa duk ranar addu'a. Ina yaro lokacin da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa, na ga manyan motoci cike da mutane da tukwane sun nufi arewa. Mahaifin Baba Lompo da yawancin mutanensu suna ciki. Baba Lompo aka bari, aka damƙa masa makullan gidaje shida. Bai sayar ba, bai sa 'yan haya ba. Waɗanda suka dawo bayan shekaru sun tarar da turminsu a inda suka bar shi. Wasu ba su dawo ba. Lokacin da na buɗe shagona, mutanen Gurma a ɓangarenmu gida uku suka rage, amma kujerarsu tana nan ta huɗu, don kakanninsu su ne na huɗu.

Siyasa kuwa ina cin abincinta, ba zan ɓoye muku ba. Duk shekara huɗu jam'iyyun nan biyu suna neman kanofi, na kafa wa wannan da safe na kafa wa wancan da yamma. Ban taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, kuma har yau matata ba ta san wanda nake zaɓa ba. Na sha tsayawa riƙe da sifana ina sauraron abin da za a yi wa zango: za a rushe, za a miƙe tituna, za a gina benaye, kowa ya hau sama. Mai zanen nan a takarda da wuya in ya taɓa tsallake gotarmu da ƙafarsa. Ba cewa nake yi Nima ta yi daidai ba. Gota tana wari, layin bayan gida da safe abin kunya ne, yaranmu sun gama karatu suna zaune. A gyara. Abin da nake tambaya kawai, kafin a tumɓuke tsohon abu, wani ya tsaya ya duba me yake riƙe da shi? A aikina ba na kwance igiyar da ban bi ta da ido na ga inda ta ƙare ba. Ku kuma kuna cewa sahun gaba tarkacen da ne, yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa daidai yake, wanda ya riga zuwa ya zauna. Ba na jin haushinku, don ni da kaina na taɓa kwance igiyar nan, kuma ba da ƙuruciya ba, ina da furfura a gemu.

Addu'ar arba'in ce ta wata Hajiya mai tuwo wadda rabin unguwa suka ci daga tukunyarta, saura wata biyu zaɓe. Lungun gidanta tsakanin bango da gota kujera goma sha ɗaya yake ɗauka cif. Na gama jerawa ke nan sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu da kujerar falo mai laushi a baya, irin mai cin mutum biyu. Rashidu ya diro. Rashidu ɗan lungunmu ne, ni na kafa kanofin sunansa, amma a lokacin ya zama na hannun daman wani ɗan takara, yana yawo da kati a wuya, ana ce masa Protokol.

Ya ce, "Baba Kanofi, sannu da aiki. Onarabul zai zo, wannan sofa nashi ne. Gaba za a sa."

Mutumin bai ci zaɓe ba tukuna, amma Onarabul ɗin ya riga ya kama shi.

Na ce, "Rashidu, gaba ya cika. Sha ɗaya ne, kai ma ka sani."

"Baba, zamani ya canza paa. Mutumin nan shi zai rufe mana gota, za ka sa shi baya kamar yaro? 'Yan talabijin suna zuwa. Minti talatin kawai, ya gaisa ya tafi. Ba wanda zai lura kraa."

Ba wanda ya ba ni komai, kada ku ce saye na aka yi. Abin da ya shige ni shi ne kada a ce Baba Kanofi bai san zamani ba. Na matse kujerun, na ci wurin guda. Saura guda. Na tsaya ina bin sahun da ido. Wannan yana da 'ya'ya majiya ƙarfi da za su karya mini ƙarafa, wancan bakinsa har unguwar Madina za a ji shi, wancan surukina ne. Sai idona ya tsaya a kan ta huɗu. Na zaɓi wanda na san ba zai yi magana ba. Na ɗaga kujerar da hannu ɗaya na ajiye ta a sahu na biyu, aka shigo da sofa.

Baba Lompo ya zo da farar rigarsa da sandarsa. Ya duba sahun sau ɗaya. Ya gaida liman, ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Na matso na ce, "Baba, ga wurinka nan baya kaɗan, na yau kawai." Ya ce, "Yoo, Sale. Sannu da aiki." Ya fita daga ƙarƙashin kanofi, ya je jikin bango inda rana take, ya tsaya. A nan ya ɗaga hannu aka yi addu'ar da shi har aka shafa. Liman da dattawa tara kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ranar ya fara ganinsa. Shi kuwa mai sofa sai da aka kusa tashi ya iso, ya zauna minti goma, ya yi magana a lasifika, ya tafi.

A aiki na gaba na mayar da kujerar wurinta. Baba Lompo ya zo, ya gaida kowa, ya koma jikin bango. Haka a na gaba, haka a na bayansa. Bai taɓa fashin addu'a ba, bai kuma taɓa shiga inuwata ba. Kujerar ta yi wata biyu ba kowa, sai wani da ya dawo daga Jamus da sarƙa a wuya ya zauna, ba wanda ya tashe shi. Ɗan takarar nan ya ci zaɓe, sofarsa ta zama ta kullum. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce su ma ba bayi ba ne, suka kawo tasu. 'Yan kwangila suka biyo baya. Wannan sahun na kowa-daidai da kuke marmari, ni na gan shi da idona, kuma ban ga talakan da ya yi sammako ya zauna a ciki ba. Mai a-kori-kura ne ya zauna. Dattawa suka fara aiko da uzuri. A wata addu'a samarin jam'iyyun biyu suka kaure da faɗa a kan sofar wa za ta fi kusa da liman, aka farfasa mini kujeru, aka kifar da tukunyar shinkafa, matar mamacin tana cikin ɗaki tana takaba tana jin ashar a ƙofar gidanta.

Tsofaffin gidajen unguwa suka fara kiran wani mai kanofi daga unguwar Niyu Tawun. Ba wanda ya gaya mini dalili, gaisuwa ma ba ta ragu ba, aikin ne kawai ya daina zuwa. Kuna tsammanin shekarar korona ce mummunar shekarata, da aka hana taro tampol ya yi ta ruɓewa a shago. Waccan daga Allah take, kuma ta sami kowa. Wannan da hannuna na jawo ta.

Wata Juma'a bayan la'asar na sayi goro na tafi gidansa. 'Yarsa Azumi, wadda ke sayar da fura a ƙofar gida, ta yi mini iso. Na same shi a kan tabarma, na cire takalmi na tsuguna.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara."

Ya ce, "Na yafe tun ranar, Sale. Kai mai aiki ne, an matsa maka."

"To, Baba, ka dawo ka zauna. Kujerarka kullum tana nan."

"Wa ya ajiye?"

"Ni."

Ya fasa goro ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Shi ne magana. Babana ya zauna wurin, ba mai kanofi ya ba shi ba. Ni ma na zauna, ba wanda ya ba ni. Yanzu in na zauna, kai ka ba ni. Gobe wani sofa ya zo, kai za ka karɓe. Ni ba zan iya sa mutanen Gurma a hannun mai kanofi ba, ko da mai kanofin ɗana ne."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, to me zai gyara?"

"Mutum goma sun gani, sun yi shiru. Su suka san wurin na wa ne. In sun kira ni, zan zo."

Na fito ina ganin aikin sati guda ne. Shekara uku na yi ina zarya. Duk dattijon da na je wa sai ya ce wallahi tsohon nan yana da gaskiya, abin ma yana damunsa, amma a bari a sha ruwa, a bari babbar salla ta wuce, a bari a ga yadda gari zai kasance. Wani ɗansa ya sami aiki ta hannun Onarabul, wani an yi masa alkawarin Makka. Kiran Baba Lompo a bainar jama'a yana nufin a fitar da sofa a bainar jama'a, kowa ya san haka. Liman kaɗai ya ce a shirye yake, amma ya ce, "Malam Sale, in ni kaɗai na kira shi, na zama mai kanofi na biyu. Sai mun cika goma."

Abin da ke hannuna na yi. Na ce daga ranar ba sofar da za ta ƙara shiga ƙarƙashin kanofina a wurin addu'a, ko ta wace jam'iyya ce. A taron siyasa su kawo gado ma in sun so. Rashidu ya zo ya ce, "Baba, kana wasa da abincinka fa." Na ce na ji. Ya kwashe aikinsu ya kai wa wani, 'yan ɗaya ɓangaren ma suka ce ai dama ni na wancan ne. Na sallami ma'aikata biyu, ni da kaina na koma ɗaukar ƙarafa a kafaɗa.

Duk wannan bai dame ni kamar bangon nan ba. Tsohon ya haura tamanin, ƙafafunsa sun fara kumburi, addu'a kuma takan kai awa biyu. Wata rana Azumi ta tsaya a ƙofar shagona da ƙwaryar fura a ka, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Yaya Sale, tsohon nan ƙafa ya kumbura, na ce ya zauna gida ya ƙi. Na kai masa kujera daga gida, ya ce ba a zama a waje ana addu'a a ciki. In ya faɗi a rana, ka san wanda ya kayar da shi." Daga ranar duk inda na kafa kanofi, idona ɗaya yana kan igiya, ɗaya yana kan bango, ina roƙon Allah kada ya ɗauki ran tsohon nan a tsaye.

Sai zaɓe ya sake zagayowa, Onarabul ya faɗi. Gota dai tana nan a buɗe yadda ya same ta. Ba a yi sati da sanar da sakamako ba, ƙarfin halin dattawanmu ya dawo gaba ɗaya, har wanda ya fi kowa ce mini a bari ya aiko a tambaye ni me nake jira. Ba na yi musu dariya sosai, masu iyali ne, kuma ni na fara. Zan kuma gaya muku tun yanzu cewa sahun bai koma yadda yake ba. Da can ba mai tunanin a taɓa shi. Yanzu kowa ya san ana iya taɓawa, saboda haka a kowace addu'a sai na tsaya a bakin lungu na yi gardama da wani mai kati a wuya. Abin da na ɗaga da hannu ɗaya, mutum goma sha ɗaya da shekara huɗu ba su mayar da shi cikakke ba.

Addu'ar bakwai ce ta wani tsohon mahauci, a wani lungu mai gangara zuwa gota. Na jera sha ɗaya. Jama'a suka cika har bakin titi. Baba Lompo ya zo, Azumi tana riƙe da hannunsa, ya gaida mutane, ya nufi bango. Liman ya iso, ya tsaya a gaban kujerarsa bai zauna ba. Dattawa tara suka tsaya a gaban nasu. Na baya suka ga manya a tsaye, suka fara miƙewa sahu-sahu, har hayaniyar mata ta lafa. Liman bai aiki kowa ba. Ya tattara rigarsa ya fita cikin rana, sauran suka bi shi. Ya kira tsohon da sunansa na yanka, Musa, ya haɗa da sunan mahaifinsa, wanda rabon da a ji shi a unguwa an daɗe. Ya ce, "Mun gani mun yi shiru, ka yafe mana. Wurin na mutanen Gurma ne tun kafin a haife mu. Ba za a buɗe addu'a ba sai ka zauna."

Baba Lompo bai yi sauri ba. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, sai da ya ƙirga goma. Sannan ya zare hannunsa daga na Azumi, ya dogara sandarsa, ya taka shi kaɗai har cikin inuwa, ya zauna. Kowa ya zauna. Ni ina can bayan ƙarfen ƙarshe, na yi niyyar kada a gan ni.

Sai na ji ya ce, "Ina Sale?"

Na ce, "Na'am, Baba."

"Zo. Kujera nan yana rawa. Ƙafa ɗaya bai taka ƙasa ba."

Gaskiyarsa ne. Gangarar lungun ce, kuma na duba kowace kujera a sahun ban da ita, don tun safe na kasa tsayawa kusa da ita. Na tsinci guntun katako a bakin gota, na ratsa gaban dattawa da rigata ta Juma'a, na durƙusa a gabansa, na ɗaga ƙafar kujerar na cusa katakon. Ƙafarsa tana nan dab da hannuna, ta kumbura har sai da aka yanke madaurin takalmin kafin ta shiga.

Na ce, "Yanzu fa, Baba?"

Ya jijjiga jikinsa hagu da dama, ya gwada. Ya ce, "Ya yi daidai."

Na yunƙura zan tashi, sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya danna. Liman ya ce a yi salati. Bai ɗauke hannun ba har aka shafa fatiha, a nan na yi addu'ar, a durƙushe.